Bayan Labulen Ustazu

A wayar autata sanarwar ta shigo gidanmu. Muna zaune a Waziriyya, unguwarmu a Jidda, ina tsintar shinkafa, ta miƙo min wayar har kusa da hancina, kamar ba ta san ba na ganin rubutu sai da tabarau ba.

"Ummi, shufi, duba. Za a yi hafla, babban taro, a Abhur, na waƙoƙin Ustazu. Kullu, daga na farko har na ƙarshe."

"Wa zai yi?"

"Shabab ɗinmu, matasan nan. Da wani daktor ɗan Najeriya, shi ne ya haɗa su."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na mai da kaina kan tire. Sai da na ɗora tukunya na ga ashe tsakuwa na bari a ciki, shinkafar kuma na ware ta gefe.

Ustazu, haka kowa ke kiransa, ko da yake bai taɓa tsayawa gaban aji ba. Direban wani gida ne a Abhur, can bakin teku, Bahaushen Sudan kamar mu, wanda iyayensa suka tsallako teku aikin hajji suka zauna. Rabin rayuwarsa a cikin mota ya yi ta, yana jiran matar gida a ƙofar kanti ko yara a ƙofar makaranta, kuma a wannan jiran yake ƙaga waƙa yana buga sitiyari da yatsa. Ba irin waƙar da ake yi wa mai kuɗi a biki ba ce. Wasan kwaikwayo yake shiryawa, wanda waƙa ke jan labarinsa tun daga farko: tsohuwa ta yi faɗa da waƙa, mai haya ya roƙi mai gida da waƙa, matar da mijinta ya tafi ta jira shi da waƙa. Bara waccan ya rasu, a ɗaki ɗaya a Hindawiyya, kuma waɗanda suka raka shi ba su cika sahu uku ba. Yanzu da ya mutu an gano gwani ne.

A zamanin da nake magana, kiɗa a bainar jama'a ba ya yiwuwa a garin nan, balle mace ta hau dandamali. Sai a haɗa hannu a kama hayar istiraha, irin gidan hutun nan mai katanga a bayan gari, ranar Alhamis bayan la'asar ko kashegarin Sallah. Maza a gaba kan tabarmi, mata a baya. Duk inda labari ya buƙaci mace, namiji ke ɗaura laffaya ya fito. Akwai wani tela siriri, mai dogon wuya, shi ke fitowa a amarya da matar aure da bazawara, kuma in ya yi rangwaɗa har mata na jin haushi. Matsalarsa ɗaya, in ya buɗe baki da waƙa sai ka ce ƙofar gareji ake ja. Ustazu ya ce waƙoƙinsa na mata ba za su mutu a wannan maƙogwaron ba. Saboda haka aka rataya labule a bayan dandamali, tela yana gaba yana motsa baki, mace tana baya tana rerawa.

Ni ce macen. Shekara goma sha ɗaya.

Matar Ustazu ce ta jiyo ni ina shanya a saman bene, lokacin muna maƙwabtaka a Hindawiyya, ina da ɗa ɗaya a goye. Ta kai wa mijinta labari. Shi kuma bai yi min magana ba, wajen mai gidana ya je, kamar yadda ya kamata. Baban yara aikin lodi yake a tashar jiragen ruwa, mutum ne marar hayaniya mai tsoron abu biyu a duniya, bakin mutane da ranar sabunta iƙama, takardar izinin zama. Sau uku Ustazu yana zuwa yana shan shayinmu. A na huɗu mai gidana ya ce a kira telan. Ina bayan ƙofa ina ji ya ɗauko Alƙur'ani ya ce kowannensu ya dafa.

"Muddin ina numfashi," in ji shi, "kada wani mahaluƙi ya ji daga bakinku cewa iyalina ce. Ni kuma na yarda, amma a gida an daina waƙa."

Suka dafa, suka rantse. Ban ji an cuce ni ba a ranar, kada in yi wa mamaci ƙarya. Murna na yi har na ƙona miya.

Labulen da ake faɗa ba wani labule ba ne, barguna biyu ne masu hoton damisa, irin waɗanda alhazai ke saya tsaraba, aka haɗe su da allurar buhu. A zafin Jidda. Nakan shigo da niƙabi a bayan matar Ustazu ina riƙe da filas ɗin shayi, kamar mai taya ta aiki, in sulale in zauna kan kujerar tsugunno da makirufo a hannu, gumi yana bin bayana har zanina ya jiƙe. Ba na ganin kowa. Tsakanin bargo da ƙasa akwai tazarar yatsa huɗu, a nan nake ganin diddigen tela. In lokacin shigata ya yi sai ya ɗaga diddigen dama, ni kuma in ja numfashi. In ya sauke, in fara. Inda zan tsaya shi ma ya rufe baki, inda zan ja shi ma ya miƙa wuya. Ko a wajen gwaji bargon nan yana tsakaninmu. Na san diddigen mutumin nan fiye da fuskarsa, da fason da ke gefensa, da lallen da matarsa ke sa masa ranar wasa tana zaginsa.

Kowa ya san ba shi ke waƙar ba. Amma al'adarmu ita ce ba a tambayar wace ce a baya, domin matar wani ce, uwar wasu ce. Ko wadda ta yi zargi takan haɗiye abinta. In an tashi, matan unguwa su same ni ina wanke kofuna su ce, "Ke dai kullum kina wajen shayi, kin yi asarar muryar yau." In ce Allah ya kai mu wani karon. A lokacin abin daɗi yake min, kamar mai ɓoye zinariya a cikin tsumma.

Waƙar da ta fi kama mutane ita ce ta jirgin ruwa. Wata mata ce take zuwa tasha duk ranar da jirgin Sawakin zai iso daga Sudan, tana duba masu saukowa ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kowa ko ya ga mijinta. Babu gidan da ba shi da wani a wancan gefen tekun, saboda haka in na kai tsakiyarta nakan ji shesshekar mata ta cikin bargo. Ustazu ya ce min ta bakin matarsa, wannan waƙar a kan numfashina ya auna ta, ba za ta zauna a bakin wata ba. Wannan ne kaɗai yabon da na taɓa samu da sunana, shi ma a kicin aka kawo min shi da raɗa.

Maƙoƙo ne ya raba ni da waƙa. Autata tana rarrafe aka yi min aiki a wuya, aka cire shi, na warke lafiya lau, amma muryar da na shiga asibiti da ita ba ita na fito da ita ba. Wadda na fito da ita mai kauri ce, dusasshiya, in na ɗaga ta kaɗan sai tari. Ita autata ta sani, da ita na yi mata faɗa har ta girma. Ustazu ya gwada mata biyu a bayan bargo, bai gamsu ba, wasannin suka yi ta ja baya har suka tsaya. Matarsa ta rasu. Tsofaffin matan da nake jin sun gane ni, wasu sun mutu, wasu an mai da su Sudan. Baban yara ya bi su. Sai Ustazu. Cikin waɗanda suka san gaskiya, saura ni da tela.

Sannan gari ya juya. Abin da muke yi a ɓoye a bayan katanga ya zama abin da ake sayar wa tikiti. Yara suka tono tsofaffin kaset, suka zuba a waya, aka shiga tambayar wace ce wannan matar. Kafin a ce me, mata uku sun fito a Hindawiyya kowace ta ce ita ce. Ɗaya mai sayar da turaren wuta ce, na san ta sarai, a wancan lokacin tana layin gaba na mata tana cin gyaɗa. A wani biki ta faɗa a gabana, har da dafa ƙirji. Da muka dawo gida na zauna a bakin gado na kira autata, na yi niyyar in gaya mata komai. Ita ta riga ni magana, tana cire ɗan kunne tana dariya.

"Ummi, kin ji waccan? Kowace ajuza, kowace tsohuwa, yanzu ita ce mai murya. Aib wallahi, mutum ya tsufa yana kizib, yana ƙarya."

Na ce ta kashe min fitila. Da wace murya zan ce mata ni ce, da wannan ta kwaɗo? Zan zama tsohuwa ta huɗu, a cikin gidana, a idon 'yar da na haifa. Ba kuɗi nake so ba, ba hoto ba. So nake wani wanda ba ni ba ya faɗi sunana sau ɗaya, yarinyar nan tana zaune tana ji. Kuma mutum ɗaya ya rage a duniya da zai faɗa a yarda.

Saura mako guda a yi taron, na ɗauki wata tsohuwar jallabiya na farke mata kalmasa da hannuna, na ce wa autata ta sauke ni Hindawiyya zan kai gyara. Shagon tela yana nan inda yake, a lungun da ke bayan masu gasa burodi. Tagwayensa ke riƙe da shi yanzu, manyan magidanta, shi kuma yana zaune bakin ƙofa a kujerar roba da sanda tsakanin ƙafafunsa. Ya tsufa ƙwarai. Ba da niyya ba, ƙafarsa na fara dubawa, na tarar da safa.

"Baban tagwaye, ina wuni."

"A'a, Hajiya ce da kanta? Lafiya lau. Ina gajiya, ya yara?"

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. A duk tsawon shekarun nan ba mu taɓa wuce gaisuwa ba, ni da mutumin da na san lokacin da yake jan numfashi. Na miƙa jallabiya ciki, ɗaya daga cikin tagwayen ya karɓa ya hau keken ɗinki, taku uku tsakaninmu da shi.

"Na ji an gayyace ka Abhur," na ce.

"An gayyace ni. Likitan nan sau biyu yana zuwa. Tambaya ɗaya yake yi, kuma ya ce zai sake yin ta a gaban jama'a."

"Wace tambaya?"

Ya waiwaya ya dubi ɗansa, ya rage murya. "Kin san ta, Hajiya."

A nan ya kamata in buɗe baki in ce, faɗi sunana. Amma ba haka aka rene mu ba. Mace ba ta zuwa shagon namiji ta ce a yabe ta a gaban mutane, ko tana mutuwa da son abin. Kewayawa ake yi, a ajiye magana kusa da mutum, shi ya ɗauka. Rantsuwar da suka yi tana kunnena kalma da kalma, muddin yana numfashi, kuma na ɗauka tana kunnen tela haka.

"To," na ce, "baban yara dai bana shekararsa shida a ƙasa."

"Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki."

"Amin. Shekara shida, Baban tagwaye. Kuma autata za ta je wajen, tare za mu zauna."

Ya kalli kan sandarsa. Sannan ya ɗago, ya dafa ƙirji da hannun dama.

"Halas, shi ke nan, Hajiya. Na gane. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya, ki kwantar da hankalinki."

Na fito daga lungun nan ina jin kaina kamar yarinya. A hanya na sa autata ta tsaya, na sayi sabuwar laffaya ruwan zuma, ta yi ta tsokanata wai ko miji zan je nema. Ana jibi na sa lalle. A banɗaki na tsaya gaban madubi ina gwada yadda zan miƙe in an kira ni, ko in ɗaga hannu, ko in sunkuyar da kai kawai. Na yanke shawarar ba zan hau dandamali ba, zan tsaya a inda nake in ɗan rusuna, ya isa. Tsohuwa da jikoki, ina wannan a banɗaki.

Ranar Juma'a ce, bayan la'asar. Zauren yana bakin teku, kujeru ja masu laushi, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Titin da muka biyo shi ne wanda Ustazu ya yi shekaru yana kai da kawo a kansa da farar hula, ba a taɓa ce masa shigo ka zauna ba. Ga hotonsa yanzu ya cika bango. Maza da mata a haɗe, kowa da wayarsa a sama. Na ce wa autata ni a bakin layi zan zauna saboda gwiwata, gaskiyar kuwa don kada in taka ƙafar kowa in zan miƙe.

Ba wasa ɗaya suka yi ba. Waƙoƙin suka tsamo daga wasanni daban-daban suka jera, 'yan mata huɗu da samari uku, da mai fiyano, da mai udu, garayar Larabawa, da kalangu da dalluka, gangar Sudan. Tsakanin waƙa da waƙa likitan ya fito da babbar riga ya ba da labarin inda aka ciro ta. Mutum ne mai son abin da gaske, ba zan hana shi wannan ba, ko da yake rabin labaransa ba haka aka yi ba. Ya ce waƙar mai haya a kan talaucin baƙi aka yi ta. Ni kuwa na san a kan surukin Ustazu aka yi ta, wanda ya zo kwana uku ya shekara.

Yaran sun yi ƙoƙari. Waƙar tsohuwa mai faɗa sun ja ta da gudu kamar ana korarsu. Wata doguwa tana fito da Hausa daga maƙogwaro irin na Larabawa, tana yanke numfashi a tsakiyar kalma, abin da in Ustazu ya ji sai ya ajiye kofin shayi ya fita waje. Amma akwai wata 'yar gajera mai tabarau da ta yi waƙar amarya, ta yi ta da kyau. Kuma na yi kishinta, ba zan ɓoye ba. Ba muryarta na yi wa kishi ba, tawa ta fi ta. Fuskarta ce a buɗe cikin haske, sunanta a rubuce a bango da manyan baƙaƙe, uwarta a layin gaba tana ɗaukar ta a waya tana juyowa tana gaya wa na baya 'yarta ce.

Da aka kusa tashi likitan ya ce saura waƙa ɗaya, ta jirgin ruwa, kuma babu wadda za ta rera ta a cikin yaran, domin duk sun gwada sun ajiye. Kaset za a sa. Ya roƙi a taimaka wa wani dattijo ya hau. Tagwaye suka riƙo ubansu, aka zaunar da shi a kujera a tsakiyar dandamali, aka rage fitilu.

Kaset ɗin ya fara da shuu, da tarin wani mutum da ya daɗe da mutuwa, da udu. Daga inda nake ina hango ƙafar tela. Ya sa takalmi sau-ciki, amma da wurin ya zo sai na ga diddigen dama ya ɗaga, shi kansa ban ce ya sani ba. Na ja numfashi. Ya sauke, muryata ta cika zauren.

Ban taɓa jin ta daga gaba ba. Kullum daga cikin kaina nake jin ta, a bayan bargo, da gumi a ido. Ashe haka take. Yarinya ce 'yar ashirin da wani abu, ba ta san za a yanka mata wuya ba, tana tambayar masu saukowa ko sun ga mijinta. Wayoyin da ke sama suka sauka. Leɓen tela yana motsi daidai da ni, ko kuskuren harafi babu. Autata ta kamo hannuna ta matse, na duba na ga hawaye har haɓarta.

"Ya Allah, Ummi," ta ce a hankali. "Wannan sautin."

Na ce a raina, yi haƙuri kaɗan, yanzu za ki ji.

Da waƙar ta ƙare aka daɗe ba a tafa ba, sannan aka tafa. Likitan ya durƙusa kusa da kujerar tela ya kai masa makirufo.

"Baba, kai ne ka tsaya a gaban labulen nan shekara da shekaru. Duk wanda ke zauren nan tambaya ɗaya ce a bakinsa. Wace ce?"

Na gyara laffayata a kafaɗa. Na dafa hannun kujera, na ɗora nauyina a kan ƙafar da ba ta ciwo.

"Na san ta," in ji tela. "Tana raye, kuma tana garin nan."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Na riga na rabu da kujera.

"Amma ni da Ustazu mun dafa Alƙur'ani a gaban mijinta. Ustazu ya tafi da nasa alkawarin bai karya ba. Mijin ya rasu, ba shi da bakin da zai ce ya yafe min. Kuma baiwar Allahn nan da ƙafarta ta tako har inda nake, ta tuna min da marigayin, ta tuna min tana da 'ya'ya. Matar mutunci ce, ba ta son tonon asiri. Ɗana, ka yi haƙuri. Da sunanta za a binne ni."

Wani ya yi kabbara a baya. Sai zauren gaba ɗaya ya miƙe tsaye ana tafi, likitan ya rungume shi yana share ido. Ni da ma a tsaye nake, saboda haka babu wanda ya ga wani abu. Autata ta zungure ni da gwiwar hannu don ta ga hannuwana a sake. Na tafa. Da lallen da na sa domin ranar na tafa wa mutumin da ya rufe ni da zuciya ɗaya, yana ganin alheri ya yi min.

A farfajiya ana raba shayi da dabino. Mai turaren wuta tana tsaye 'yan mata sun kewaye ta suna ɗaukar hoto. Yau ba ta ce ita ce ba. Ta ji an ce mai muryar ba ta son tonon asiri, sai ta koma sunkuyar da kai tana murmushi, in an tambaye ta ta ce a bar maganar. Na ji wata tana raɗa wa ƙawarta cewa ai ga ta nan.

Tagwaye suka biyo da ubansu ta gabanmu. Ya tsaya, ya ce su ba shi wuri, ya matso daidai yadda autata ba za ta ji ba. Fuskarsa tana haske kamar wanda ya sauke kaya.

"Hajiya, na fita haƙƙinki?"

Na dube shi. Tsoho ne mai sanda, ya riƙe abu shekara talatin bai yar ba, an kuma tafa masa a kai a gaban duniya. In na ce masa ba haka nake nufi ba, me zai yi, ya koma ya hau ya ce a dawo a zauna?

"Ka fita, Baban tagwaye," na ce. "Allah ya saka."

"Amin. Ai da kika zo na san abin da ke ranki."

Na ji haushinsa, har yau ina ji. Na ji haushin baban yara da ya tsorata, da Ustazu da ya auna waƙa a kan numfashina ya mutu bai rubuta ko a bayan takarda ba. Amma in na gama zagayawa kaina nake dawowa. Taku uku tsakanina da ɗansa, keke yana ƙara, ba mai jin mu. Kalma biyu ce, na tsaya ina lissafa shekarun mamaci.

Bayan magariba muka kamo hanya. Autata tana tuƙi tana ta magana, rabi Hausa rabi Larabci, wai irin dattijon nan sun ƙare, wai da ita ce matar da ta je ta sumbaci kansa. Muka wuce fitilun bakin teku, muka shiga cunkoso. Can ta ce:

"Ummi, ku da kuka zauna Hindawiyya zamanin da. Ba ki taɓa ganin ta ba? Ko marra, ko sau ɗaya?"

"Na san ta," na ce.

"Wallah? Mai turare ce?"

Na gyara zama, na kalli ƙasan motar, wajen ƙafarta. Na ce ko layi ɗaya ne in na fitar da shi daidai, da jan da ke ƙarshensa wanda yaran nan duk suka kasa, za ta gane, ai jinina ce. Motar gabanmu ta motsa, ta ɗaga ƙafa daga birki. Na ja numfashi na buɗe baki.

Abin da ya fito ƙara ce kamar ta ƙofa, sai tari ya biyo, ya riƙe ni har idona ya kawo ruwa. Autata ta lalubo gorar ruwa ta miƙo min ba ta ɗauke ido daga titi ba, ta kai hannu ta rage sanyin motar.

"Na ce miki ki zo da mayafi mai kauri, Ummi. Mukayyif ɗin can, na'urar sanyin nan, ya kama miki wuya."

Na karɓi ruwan na sha.